Ranar da Na Ɗaga Dattijo da Hannu

Da ba don abin da kunnena ya jiyo ranar sunan jikata, 'yar Hafsatu, ba, da ban rubuta wannan babin ba. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina cin waina, sai na ji ƙanwata, gwaggonku Talatu, tana ba surukanmu labari, wai ai ni tun da can ba na jin magana, wai ni ne na fizge jirgi a gaban mahaifina a idon baƙi, har ya yi damina guda bai amsa gaisuwata ba. Mata suna ta salati. Ku kuma 'ya'yana kuna wajen, ba wanda ya musa mata, don ku ma abin da kuka tashi kuna ji ke nan. To na gaji. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji huɗu na bar firamare na kama zarto, amma hannun da ya iya auna katako ba zai kasa jera magana ba. Na ɗaga jirgin, wannan gaskiya ne. Sauran ne ba a faɗa muku ba.

Kakanku Malam Isyaku, wanda duk Kazaure ta sani da Heluma, ƙarfinsa gaba ɗaya a aikin reluwe ya ƙare. Ba direba ba ne, ba kuma mai yankan tikiti ba. Shi ne shugaban leburorin da ake turawa in jirgi ya sauka daga kan layi a daji, su je da jak na ɗaga ƙarfe da katakai da igiyar ƙarfe su mayar da shi. Ya yi Kano, ya yi Zariya, ya yi Nguru. Da ya yi ritaya ya dawo gida, garin da a lokacin ko ƙusar layin dogo babu, bai zo da komai ba sai ciwon baya da wani akwati da wani injiniya Ba'indiye ya bar masa da zai koma ƙasarsu. A cikin akwatin akwai jirgin ƙasa na wasa, amma kada ku kuskura ku ce na wasa a gaban Baba. Kan jirgi ne baƙi, tsawonsa bai fi tafin hannu da yatsu ba, da taragu, da layin ƙarfe da ake harhaɗawa, da wani akwatin wuta mai abin murɗawa kamar na fanka. Ka murɗa kaɗan ya tafi a hankali, ka murɗa da yawa ya zura, ka mayar ya tsaya. Baba ya sa wa kan jirgin nan suna Dattijo.

Wa ya yi teburin da jirgin ke gudu a kai? Ni. Ɗakin da ke jikin soro, wanda da ake zuba gero, na cika shi da tebur daga bango zuwa bango. Na yi masa duwatsu irin namu da takardar buhun siminti da sitaci, na yi masa dam da fasasshen madubi, na yi tashoshi da gidan ashana. Baba ya raɗa musu suna Kazaure, Roni, Gwiwa, Babura, garuruwan da ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Duk wannan aikin, ko sau ɗaya bai dube ni ya ce a yi kaza ba. Ni ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari a wurinsa kamar farilla take. Bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Ina tsaye a gabansa zai ɗaga murya ya ce da kakarku Inna, wadda take can madafa:

"A gaya wa kafinta gadar nan ta karkace."

Inna ta amso daga cikin hayaƙi, "Ai yana jinka, Malam."

"Na ce a gaya masa."

Haka muka yi shekaru. Kuma ɗakin yana da doka guda wadda ko liman bai isa ya karya ba: ba a ɗaga Dattijo da hannu. Tun ranar da aka ɗora shi a kan layi bai sake barinsa ba. Da gashin kaza Baba yake share shi, da bakin tsinken tsintsiya yake ɗiga masa mai. In ƙafarsa ta goce a kwana, abin da yaro zai gyara da yatsa biyu, Baba sai ya ɗauko wani ɗan gwangwani mai ƙananan katakai da wayar keke, ya yi ta tokarawa yana turawa har ƙafar ta koma. Ya kan ce jirgi ba tsuntsu ba ne. Wanda ya yi rayuwarsa yana zufa a ƙarƙashin ƙarfe don ya mayar da shi kan hanya, ba zai zauna yana kallo a ɗauke shi kamar ɗan tsako ba. Ni dai ban taɓa musu ba. Tsoho ne, abinsa ne, kuma shi kaɗai ne abin da ke fito da shi daga kan gado da safe.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda kawunku Nasiru, autanmu, ya dawo daga kwas ɗin da aka tura shi ƙasar waje kan aikinsa na kwamfuta. Kowa ya samu turare ko agogo. Baba kuwa, don Nasiru ya san abin da yake so, sai ya kawo masa sababbin kawunan jirgi biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, da akwatin wutarsu, da rimot. Niyyarsa mai kyau ce, ba zan ci zalinsa ba. Kuma bai ɓoye komai ba, tun ranar farko ya ja ni gefe ya yi mini bayani.

"Yaya, ka ga na Baba kamar fanka yake. Wutar da ke cikin layi ita ake ƙarawa a rage, duk jirgin da ke kai dole ya bi. Waɗannan kuwa kamar waya suke. Wuta tana cike a layi koyaushe, kowane jirgi yana da 'yar ƙwaƙwalwa da lambarsa, sai ka kira shi da rimot sannan ya motsa. Ɗaya na tafiya ɗaya na tsaye, a layi guda."

Na ce, "To madalla. Ina matsalar?"

"Dattijo ba shi da ƙwaƙwalwar. In sabuwar wutar ta same shi a kan layi, ba zai tafi ba, ba kuma zai huta ba. Zai yi ta gunji yana zafi har injinsa ya ƙone. Kuma irinsa ba a yi yanzu."

"Sai ka mayar da kayanka akwati, a zauna lafiya."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, alhali uwarmu ɗaya.

Baba ya kalli sababbin nan suna yin usur, suna kunna fitila, suna fitar da ƙarar inji kamar na gaske, ya taɓe baki ya ce waɗannan ba jirage ba ne, wayoyi ne masu ƙafa, 'yan bana-bakwai. Amma na ga idonsa. Jan nan da ya ja taragu ya wuce Gwiwa a hankali yana huci, Baba har leɓensa yana motsi. Yana so, girma ne ya hana shi faɗa. Shi ma Nasiru yana so ya ga kyautarsa tana gudu a teburin ubansa. Kowa yana so, ni ne ba na so, kuma ni aka bar wa aikin.

Nasiru ya kawo dabara, kuma dabarar daidai ce. Aka sayo irin makunnin nan da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. A ɗaga shi sama, layi na Baba ne. A sauke shi ƙasa, layi na rimot ne. Ba yadda za a yi wuta biyu su haɗu. In lokacin Baba ne, Nasiru ya kwashe nasa da hannu ya sa a kwali, Baba ko a jikinsa, tunda a wurinsa ba jirage ba ne. Saura abu guda: in za a sauke makunnin, dole Dattijo ya bar layi. Nasiru ya durƙusa ya yi wa Baba bayani tiryan-tiryan, ya ƙare da cewa ɗauke shi kawai za a riƙa yi a ajiye a kan taga.

Baba ya ce, "A kan taga."

"Na ɗan lokaci ne, Baba."

"Kai da aka tura ka karatu, a can haka suke yi? In sabon jirgi zai wuce sai a ɗauki tsohon a ɗora a kan taga?"

Magana ta mutu a nan. Sai muka koma wata dabarar. Zan ƙara wani ɗan reshen layi a gefen Roni, in yi masa rumfa, ya zama loko, wato ɗakin da kan jirgi yake kwana. Dattijo ya shiga da ƙafarsa. A bakin reshen kuma in yanka ƙarfen layi guda da siririn zarto, a sa ƙaramin makunni irin na ƙwan ɗaki a tsakanin yankan. In ya shiga aka kashe, wuta ba ta da hanyar isa gare shi, sai a sauke babban makunni 'yan bana-bakwai su yi ta tsalle. Na yi rumfar da kwanon gwangwani, ta yi kyau, na yi yankan, bai fi kaurin farce ba. Yanzu wa zai gaya wa mutumin da ya ce a zamaninsu wanda ya taɓa ƙusar layi gidan yari ake kai shi, cewa an sa zarto a layinsa?

Nasiru ya ce, "Kai ne babba, Yaya."

Na ce, "Ni da ko sunana ba ya faɗa? Kai ne ɗan lele, je ka."

"Ni na sha nawa a maganar taga."

Sai muka bi hanyar da gidanmu ya saba, muka je wurin Inna. Na zaunar da ita na yi mata bayanin yanka, da makunni, da wuta, har da zane a ƙasa. Tana tsince shinkafa tana cewa to, to. Da daddawa da wutar lantarki duk ɗaya ne a wurin Inna in dai ba a tukunya za su shiga ba. Abin da ya isa kunnen Baba daga duk bayanin nan shi ne, "Malam, yaran sun yi wa Dattijo ɗaki." Baba ya ji daɗi. Idonsa ya riga ya yi rauni, bai ga yankan ba. Makunnin kuwa ya ɗauka na fitilar rumfa ne. Muka yi makonni lafiya, ni ko Nasiru muna kashewa muna kunnawa, kowa yana ganin wayonsa.

Babbar Sallah ta faɗo a farkon damina a shekarar. Washegari Baba ya gayyaci mutane su zo su ga tsoho da sababbi. Babban baƙonsa shi ne Mista Bulus, tsohon direban jirgi mutumin Kafanchan, wanda ya zo zama wurin 'yarsa nas a nan garin. Sun san juna tun a Zariya, kuma a duk Kazaure shi kaɗai ne Baba yake ganin ya san abin da ake nufi da jirgi. Saboda shi, da safen nan Baba ya shiga ɗakin shi kaɗai ya yi abin da ya saba yi kafin babban mutum ya wuce a layi: ya bi ƙarfen kaf da farcensa, gaɓa bayan gaɓa. Ni ina can ina fama da kan rago, ban sani ba.

Bayan azahar ɗaki ya cika. Dattawa a kan tabarma da kujeru, mata a bakin ƙofa, gwaggonku Talatu a gaba da bakinta. Baba ya murɗa, Dattijo ya zaga Babura ya dawo, Mista Bulus yana tafi yana cewa, "Heluma, wannan tsayuwa a tasha ko ni sai haka." Baba ya shigar da Dattijo loko da kansa. Na kashe ƙaramin makunni da hannuna, na ɗaga wa Nasiru kai. Ya sauke babba. Ja da shuɗi suka tashi da usur da huci, yara suna ihu, kowa ya juya can.

Ni ina tsaye a gefen Roni, sai na ji wani abu kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Na duba makunnin, a kashe yake. Na sake saurarawa, daga cikin rumfa yake fitowa. Sai ƙauri ya bugi hancina, irin na fankar da ta ƙone. Na kira Nasiru, usur ya hana shi ji. Babban makunni yana can bayan kujerar Baba, sai na tsallake ƙafafun dattawa kafin in kai, kuma kafin nan an gama. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin kwanon. Ban yi shawara da kowa ba. Na ture rumfar, na damƙi Dattijo na ɗaga. Zafinsa ya ƙone mini yatsu, na dire shi a gindin dutse, tazarar taƙi ɗaya daga layi.

Nasiru ya kashe komai.  Mista Bulus ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, shi da gaske yake, haka suke yi in jirgi ya faɗi. Baba ya dubi Dattijo a kan ciyawar takarda, ya dubi hannuna, sannan ya dubi bango.

"A tambayi kafinta," ya ce, "tsuntsu ne?"

Na ce, "Baba, ƙonewa yake yi."

"A gaya masa na ga jirgi yana cin wuta da mutane a ciki, ba mu ɗauke shi kamar ɗan tsako ba."

Ya miƙe da ƙyar ya fita. Baƙi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kauce wa idona. Talatu ta tafa hannu ta ce, "Yau mun ga ikon Allah, ɗa ya ƙwace abu a gaban ubansa." Daga wannan bakin labarin ya fita, kuma har yau bai dawo ba.

Da ɗaki ya watse, Nasiru ya haska fitilar waya a bakin reshen. Ga shi nan. An yanko wani ɗan siririn ƙarfe daga gwangwanin madara, an lanƙwasa shi, an ɗaure bakin yankan da shi tsaf, ba ko motsi. Aiki mai kyau, wallahi, ko ni ba zan yi kamarsa ba. Baba ya ji gaɓa a buɗe da farcensa, ga direba zai zo, sai ya yi abin da ya yi shekara da shekaru yana yi: ya ɗinke layi. Ta cikin ƙarfen nan wuta ta bi ta sami Dattijo. Na ɗauki fushina na tafi wurin Inna.

"Inna, na ce ki gaya masa an yanka layi!"

"Na gaya masa an yi ɗaki."

"To shi ya toshe yankan, shi ya kusa ƙone abinsa. Yanzu gari ya ɗauka ni ne mara kunya. Zan je in faɗa masa."

Ta ajiye ludayi. "Ka faɗa masa me? Cewa aikin da ya sani a duniya shi ne ya zama ɓarna? A bakin ɗan fari? Kai, haɗiye. Yatsunka za su warke."

"Sunana fa?"

"Sunan da ba ya faɗa? Sa man shanu a hannun ka tafi."

Kun ji shari'ar da aka yi mini. Na haɗiye, ba don ni waliyyi ba ne, don ban ga ƙofar da zan bi ba. Muka bar ƙarfen a inda yake, don ko shi ba mu da ikon taɓawa.

Washegari Baba ya yagi jan ƙyalle ya soke a tsinke a bakin tashar Kazaure, ya ce an yi haɗari, layi a rufe yake. Ya sa kwaɗo a ƙofa. Damina ta sauka, gero ya yi kai, ɗakin yana rufe. Kullum da safe in durƙusa in ce Baba ina kwana, sai ya ƙara muryar rediyo. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na ga yana lalacewa. Mutumin da yake tashi da gashin kaza a hannu ya koma kwanciya har hantsi. Tuwo ya koma yana dawowa da rabi. Bayansa ya ƙara sunkuyawa. Nasiru ya zo shagona yana huci wai zai kwashe kayansa ya kai Dutse, wai an wulaƙanta kyautarsa.

Na ce, "Kwashe mana. Ka kawo wuta gida ka bar ni da hayaƙi."

"Da ka gaya masa da bakinka, da ba a yi haka ba."

"Da ka sayo masa agogo irin na kowa fa?"

Muka yi kaca-kaca a gaban masu jiran ƙofa, ƙato da ƙato, a kan jirgin da bai kai takalmi girma ba. In na tuna har yanzu raina ɓaci yake yi.

Mista Bulus ne ya kwance ƙullin, Allah ya saka masa. Wajen kaka ya zo, ya zauna a soro kusa da Baba, ina daga waje ina gyara ƙyaure ina jinsu. Bai yi maganar haƙuri ba, bai yi maganar ɗa da uba ba.

Ya ce, "Heluma, ni direba ne. In jirgina ya sauka a daji, ba ruwana da wanda ya yi laifi, zama nake yi in jira mutanenka. Tun Sallah nake zaune a Roni ina jira. Ko ƙungiyar taka ta mutu ne?"

 Sai na ji Baba ya yi gyaran murya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"A gaya wa kafinta a fiƙe katakai. Masu kauri da sirara. A nemo wayar keke. Ɗan'uwansa ya zo da noti da ƙusa mai zare. Gobe da hantsi."

Goben nan ina da ƙofar wani mutumin Babura da na yi alkawarin kafawa. Na aika masa cewa an yi haɗarin jirgi a gidanmu. Har yau mutumin yana ganin ina da taɓin hankali.

Taƙi ɗaya, 'ya'yana. Abin da zan yi kafin ku ce bismillah. Daga hantsi muka fara. Na fiƙe katakai ƙanana kamar tsinken sakace, muka shimfiɗa su a kan ciyawar takarda. Nasiru, da digirinsa, ya durƙusa yana murɗa noti a ƙarƙashin gaban Dattijo a matsayin jak. Ni ina tokarawa da wayar keke. Mista Bulus yana riƙe da jan ƙyalle. Baba a kan kujera, bayansa ya miƙe kamar na saurayi, muryarsa har tsakar gida.

"Ɗaga! Tsaya! Toshe! Wa ya ce a tura? A gaya wa kafinta in ya sake sa yatsa zai koma gida!"

Nasiru ya raɗa mini, "Ai gidan muke, Yaya."

"Murɗa notinka, malam."

Katako ya zame muka koma baya. Muka tashi muka yi azahar, Mista Bulus yana gadin jirgi, muka dawo. Gwiwoyina suka mutu, zufa tana ɗiga a dam ɗin madubi. Inna ta leƙo da kwanon fura ta ce ko a kira 'yan kwana-kwana, Baba ya ce a fitar da mata daga wurin aiki. Sai da aka kira la'asar ƙafar ƙarshe ta faɗa kan ƙarfe, ƙwas. Mista Bulus ya mayar da hularsa.

Baba ya ce kowa ya matsa, zai duba layi kafin a buɗe. Ya bi da farce, a hankali, har ya iso bakin reshen loko. Ya tsaya a kan ƙarfen gwangwanin. Ni da Nasiru muka dubi ƙasa. Ashe tsohon nan duk daminar da ya yi a kwance lissafi yake yi. Ya sa farce ya ɓanɓare ƙarfen, ya jefa a aljihu. Ya daɗe yana shafa yankan da yatsa.

"Wannan gaɓar," ya ce da bango, "a bar ta a buɗe. Ƙarfe yana son wurin miƙewa in rana ta yi zafi. Duk wanda ya san aiki ya san haka."

Mista Bulus ya ce, "Haka yake, Heluma."

Shi ke nan. Ba sannu, ba yi haƙuri, ba ashe kai ka cece shi. Ya murɗa, Dattijo ya yi tari ya tashi, muryarsa ta dushe, kuma tun daga ranar bai ƙara hawa gadar Gwiwa da ƙarfinsa na da ba. Baba ya ce tsufa ne. Da ya zaga ya shiga loko, Baba ya miƙa hannu da kansa ya kashe ƙaramin makunni, sannan ya ce da Nasiru, "Saki yaranka." Washegari na ce Baba ina kwana, ya ce lafiya, a gaya wa kafinta rumfar Roni ta karye. Ni na karya ta wajen ceton jirginsa, ni kuma na gyara.

Baba ya yi shekaru bayan nan yana tashi da gashin kaza a hannu, tsoho da sababbi suna karɓa-karɓa a layi ɗaya. Bai taɓa gaya wa kowa zancen gwangwanin ba, Inna ta hana ni, Nasiru kuma in aka tayar da maganar sai ya kama danna waya. Yanzu Baba da Inna da Mista Bulus duk sun tafi, ba wanda zai ji kunya, shi ya sa na faɗa. Ku karanta wa gwaggonku Talatu, da ƙarfi, kunnenta ya fara nauyi.

Teburin yana nan, kun san shi. Yankan yana bakin reshen Roni, duk wanda ya toshe shi, ni da shi. A kashe ƙaramin makunni kafin a sauke babba. Sauran dokokin Baba kuwa ba ruwana, na sha faɗa muku shirme ne, kan jirgin wasa ne, ƙarfe ne da waya. Makon jiya ma da na shiga share ƙura, ƙafar Dattijo ta goce a kwanar Babura. Ba kowa a ɗakin, ƙofa a rufe. Na miƙa hannu, yatsu biyu kawai ake bukata. Na daɗe a tsaye kamar wawa. Sannan na yi tsaki, na tafi neman gwangwanin katakai.